Wa Zai Riƙe wa Barmo Igiya?

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Isuhu makwancinsa a Kanan-Bakashe. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, babban ɗansa Laminu yakan yanka rago, a tara malamai a yi addu'a, mu dangi mu zo daga Tasawa da Mayahi, mu ci, mu share 'yar ƙwalla, mu watse. Bana ma an yanka. Na je, na yi wa yayana addu'a, amma naman nan ban sa shi a bakina ba. Tun da na ji mata suna ƙus-ƙus cewa Gwaggo ta fara rikicin tsufa, bari in faɗi dalilina a inda kowa zai ji, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san shi ba, Isuhu maginin rijiya ne. Ni ce autar gidanmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, da haƙar ƙasa ya kai ni lakwal har na zama malama, na koyar a Tasawa har na aje alli. Ba zan mai da shi waliyyi don ya mutu ba. Yana da faɗa kamar ya ari baki, yana da riƙo, kuma ba ya sayen sabuwar riga sai tsohuwar ta nemi gafara. Amma daga Kanan-Bakashe zuwa ƙauyukan Korgom, da wuya ka yi tafiyar yini ba ka sha ruwan rijiyar da shi da mutanensa suka gina ba. Ƙasarmu kuwa kun san ta, rairayi ne mai zubowa, ruwa kuma yana can nesa, sai mutum ya nutse har ya riƙa hango bakin rijiya kamar faifai.

Yaya ya raba aikinsa gida uku, kuma da shekaru ya raba shi. Samari masu jini a jika su ke shiga ƙasa da dagi. Idan mutum ya yi 'yan shekaru, Yaya ya lura ya fara dafa ƙugu in ya fito, sai ya ɗauke shi daga ƙasa ya mai da shi wurin kwaɓa siminti da zuba zobban da ake jerawa cikin rijiya. Idan furfura ta fito, kafaɗa ta fara gardama, sai a ba shi igiya. Mai igiya shi ne dattijon da ke zaune a bakin rijiya, igiyar da ke ɗaure a ƙugun na ƙasa tana hannunsa. Ba shi ke jan gugan ƙasa ba, akwai majiya ƙarfi don wannan. Nasa aikin ya riƙe, ya yi ta jan na ƙasa da hira yana sauraren muryarsa. Da ya ji murya ta yi nauyi, ko amsa ta fara jinkiri, sai ya ce a fito da shi, kuma ko Yaya ba ya musa masa. Rabonsa daidai yake da na mai dagi.

Ranar da saurayi zai fara shiga, Yaya yakan kama hannunsa ya ɗora a kan hannun tsohon da zai riƙe masa, ya ce: "Yau shi ka riƙe maka. In ka yi haƙuri, wata rana kai ka riƙe ma wani." Iyakar yarjejeniyar ke nan. Da ita mutane suka bar gonakin ubanninsu duk rani suka bi shi, da ita suka yi aure suka aurar.

Kada a ɗauka abin yana tafiya sumul. Samari sun sha gunaguni, wai don me tsohon da ke zaune a inuwa zai kwashi rabo daidai da wanda ya sha ƙasa. Tsofaffi ma ba su raga masa ba, don babu namijin da ke son a ce masa ƙarfinsa ya ja baya. Na ga ƙato ya yi fushin mako guda don an hana shi shiga rami. Sannan Yaya bai bar tsofaffin su miƙe ƙafa ba. Da aka fara kawo masa aikin furoje, wato na ƙungiyoyin raya karkara, inda ake son awo da metir, sai ya sa samarin da suka ɗan taɓa lakwal su koya wa dattawa karanta lamba. Akwai wani Baba Gado, babban mai igiyarsa a lokacin, wanda ya rantse shi da gaba, wato buɗin hannuwansa biyu, yake auna zurfi tun kafin a haifi mai metir ɗin. Yaya ya ce masa to, amma in bai koya ba zai koma tsaron jakuna. Baba Gado ya koya yana zagi, wanda ke koya masa kuma bai kai sa'ar ɗansa ba.

Cikin waɗannan mutane Barmo ya zo. Daga wani ƙauye na wajen Korgom ya fito, siriri, mai yawan dariya, ya zo cin rani guda ya zarce. Ina 'yar makaranta a lokacin, in an yi hutu ni ke kai musu fura shantiye, wato wurin aiki. A gabana Yaya ya ɗora hannun Barmo a kan na Baba Gado, a gabana ya faɗa masa waccan magana.

Barmo ya yi haƙurin, har ya wuce inda aka ce. Lokacin da ya kamata a ɗauko shi daga ƙasa ya zo daidai da shekarun da damina ta yi ta gardama, samari suka watse, wasu Najeriya, wasu arewa. Yaya ya rasa masu dagi, ga rijiyoyi ya karɓa. Ya roƙi Barmo ya ƙara rani guda. Rani guda ya zama biyu, biyu suka haihu, har Barmo ya daɗe a ƙasa fiye da duk wanda ya taɓa yi wa Yaya aiki. Ƙirjinsa ne ya biya, don tun daga nan tari bai sake rabuwa da shi ba. Yaya ya san ya ci haƙƙinsa, kuma abin ya tsaya masa a rai. Sai gab da ciwon ajalinsa ya samu ya miƙa masa igiya.

A gidana na Tasawa Yaya ya yi jinya. Wata rana da hantsi, ina ba shi kunu, ya sa aka kira Laminu. Ya ce masa: "Barmo ya ci ƙasa tashi, ya ci ta wasu. In dai da rijiya, igiya tashi ce. Ka ji?" Laminu ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Baba." Kunnena ya ji, kuma har yau bai toshe ba.

Zan yi wa ɗan yayana adalci kafin in yi masa faɗa. Laminu ba malalaci ba ne. Ya yi karatu, ya mai da aikin ubansa antarpiriz, wato kamfani mai rijista, ya buɗe biro, ofishinsa ke nan, a Tasawa, yana samun ayyukan da Yaya ko a mafarki bai taɓa gani ba. Ya sayi inji mai jan igiya, wanda ke fito da gugan ƙasa cikin ƙiftawar ido, ya kuma sauke mutum ya ɗauko shi. Ranar da aka kawo injin har guɗa na yi. Na ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ashe albasa ce ba ta yi halin ruwa ba.

Da inji ya zo, sai tsofaffi suka fara yi masa yawa a ido. Bai kore su rana ɗaya ba, ya fi haka wayo. Wannan a ce masa aikin bana ya yi nisa da gida, wancan a ce za a neme shi in an fara, sai wayar salula ta yi shiru. Ɗaya bayan ɗaya suka zube. Barmo ne na ƙarshe, kila don maganar uban tana ɗan cizon Laminu. Ranin da ya wuce shi ma aka kira shi biro, aka ba shi buhun hatsi da yadin shadda, aka ce ya je ya huta. Mutumin da ya ba gidan nan ƙuruciyarsa da huhunsa! An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta, kuma aka yi abin da murmushi har da ɗaukar hoto.

Ban san inda hutun ya kai shi ba sai bayan sallar layya, da na je suna a wani ƙauye na Korgom. Mai moton da ya goyo ni a babur ɗinsa ya tsaya a bakin wata tsohuwar rijiya don mu sha ruwa, muka tarar ana yasarta. Mata na tsaitsaye da bokitai suna jira. Igiya ta bi ta kan itace ta sauka cikin rami, ɗaya bakin kuma yana ɗaure a jikin wani sa, irin shanun da ake jan ruwa da su. Mai san, magidanci da gemunsa, yana can gindin bedi yana latsa salula. Sai na ji murya daga ƙasa tana kira, a shaƙe, ta kira ta sake kira. Wata mata ce ta ɗaga murya ta ce masa na ciki fa yana magana, sannan ya taso yana jan ƙafa ya kora san.

Abin da ya fito daga ramin nan tsoho ne, laka tun daga gemu har ƙafa, yana tari kamar ƙirjin zai tsage. Sai da ya yi dariya na gane shi.

"Madan! Ke ce? Lale, lale. Ina mutanen Tasawa?"

Na ce, "Barmo, wa ka riƙe maka igiya?"

Ya nuna san da haɓa. "Ga shi nan. Ba shi da hira, amma ba shi gajiya."

Matan suka yi dariya. Ni kuwa wallahi ji na yi kamar an watsa mini barkono a ido. Mutumin da ya kamata a ce yana zaune a inuwa yana sauraren numfashin 'ya'yan wasu, shi ne ke bin ƙauyuka yana yasar tsofaffin rijiyoyi, rijiyoyin da samari suka ƙi shiga don sun san bangonsu ya ruɓe. Yana da iyali, gonarsa ba ta kai shi rabin shekara, kuma sana'ar da ya sani ke nan. Wanda ya kai shekarunsa ba mai ɗaukarsa aikin sama, na ƙasa kuwa kullum akwai, tun da rami ba ya tambayar shekaru. Na duba igiyar da ke ƙugunsa, ta gari ce, duk ƙulli, ta sha rana ta sha ruwa.

Da wannan a cikina na je sadakar bana. Bayan an shafa addu'a na ja Laminu ɗaki na faɗa masa abin da na gani. Ya saurare ni da ladabi, wannan ba zan hana masa ba, sannan ya ce:

"Gwaggo, ki gane mani. Antarpiriz ce yanzu, ba gayya ba. Masu furoje kwana suka ƙidaya mani. Inji guda na aikin tsoho ukku. Kuma wallahi ban kori Baba Barmo ba, hutu na ba shi."

Na ce, "Hutu cikin rami? To samarin naka, wa ka sauraren su?"

Nan ya buɗe bakin ƙorafi. Wai yaran yanzu ba su da haƙuri, wai sai ya koya wa mutum aiki, rijiya ɗaya biyu ya tsere wurin haƙar zinariya, wai kowane rani da sababbin hannu yake farawa. Ya faɗi haka yana neman in tausaya masa.

Ban tausaya ba, kuma ga dalili. Samarin nan ba makafi ba ne. Sun ga Barmo. Sun ga abin da haƙuri ya saya masa, buhu da shadda. Don me mai hankali zai ba ka ƙuruciyarsa alhali ya ga inda hanyar ta ɓulle? A zamanin Yaya saurayi yana cikin rami yana ɗaga kai ya hango gobensa zaune a bakin rijiya, da rawani da goro, ana jin maganarsa. Yau in ya ɗaga kai inji yake gani, da wani sa'arsa da aka ce ya danna maɓalli. Injin ba ya gajiya, saboda haka na ƙasa ma ba a yarda ya gaji ba, guga na sauka guga na hawa tun safe har rana ta take. Inji ba ya jin murya ta yi nauyi. Gara su je zinariya, can ma rami ne, amma aƙalla ba wanda ya yi musu alkawarin ƙarya. Ka sallami tsofaffi don ka rage nauyi, sai samarin suka bi su, kana kuma mamaki. Ruwa ba ya tsami banza.

Na sha tambayar kaina abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Masu cewa zai ƙi injin ba su san shi ba. Mutum ne mai kwaɗayin sabon abu, yana cikin na farko a yankinmu da suka bar kafa itace suka koma zoben siminti, lokacin da sa'o'insa ke cewa siminti zai ɓata ɗanɗanon ruwa. Da ya ga injin nan da ya zagaya shi sau uku, ya shafa shi, ya yi cinikinsa har mai sayarwa ya yi kuka. Amma na san abin da zai yi washegari. Zai kira saurayin da ya iya shi ya ce ya koya wa Barmo, kamar yadda aka koya wa Baba Gado metir. Barmo zai yi gardama, Yaya zai yi masa barazanar jakuna, a ƙarshe tsoho ya zauna a bakin rijiya, hannu ɗaya a kan maɓalli, kunne a cikin rami. Mene ne mai wuya a nan? Danna maɓalli ya fi ƙarfin wanda ya yi rabin rayuwarsa yana sarrafa dagi a wurin da ba iska? Rijiya ta ba da ruwa, guga ne ya hana.

Kuma ba Laminu kaɗai nake wa wannan faɗa ba, don kada ya ce Gwaggo ta tona shi a jarida shi ɗaya. Ku masu garaji da masu gidan burodi da masu manyan kantuna na Tasawa da Mayahi, ku duba ma'aikatanku. Nawa ne cikinsu suka san abin da za su zama a wurinku in gwiwa ta fara ciwo? Kuna ɗaukar yaro kuna matse shi kamar rake, in ya bushe ku tofar, ku ɗauko wani, sannan ku zauna a majalisa kuna cewa amana ta ƙare a duniya. Ku ma fa kuna tsufa. Laminu da kansa ya fara riƙe takarda nesa da ido in zai karanta.

Abin da ya ƙarasa ƙona mini rai shi ne Barmo ya zo sadakar. Ya sanyo shaddar nan, an ɗinka masa ita, ya zauna can baya wajen takalma. Da aka watse shi ya fi kowa daɗewa hannunsa a sama. Ya je ya gai da Laminu har da rusunawa, ya sa masa albarka, ya ce Allah ya ƙara buɗi. Aka ƙulla masa nama a leda. Da ya yi zagi da na samu sauƙi. Sai na dubi ragon nan, na dubi ledar, na ture kwanon naman da ke gabana. Alkawari kaya ne, kuma ba a sauke shi da rago.

Washegari na bi ta biron Laminu. Tun bayan rasuwar, igiyar Yaya tana rataye a bango bayan kujerarsa, a naɗe tsaf, kusa da hoton marigayin, baƙi na zuwa yana nuna musu yana cewa da wannan mahaifina ya fara. Ita ce ta ƙarshe da Yaya ya saya, mai kauri, ba ta yi aikin kirki ba ya kwanta. Na sa hannu na sauke ta. Laminu ya miƙe ya ce, "Gwaggo, lahiya?" Na ce lafiya lau, mai ita zan kai wa. Na kuma ce masa na ji ya karɓi sabuwar rijiya a wani ƙauye na Mayahi, za a fara bayan girbi, ina son in ga Barmo a bakinta. Ya ce zai duba. Na san wannan "zan duba", na yi shekaru ina jin ta a bakin iyayen yara.

Na sami Barmo a tasha yana jiran motar Korgom, na miƙa masa. Ya gane ta nan take. Ya warware ta kaɗan, ya bi ta da yatsu, ya ja, ya sunsuna. Sannan ya ce:

"Allah shi jiƙan maigida. Igiya kam ba ta da laihi, Madan, ta hi wadda nika shiga da ita nesa. Hannu ne babu."

Ya naɗe ta ya rataya a kafaɗa, ya ce akwai rijiyar da ke jiransa ran kasuwa.

To, me ya rage na Isuhu bayan shekara tara? Rijiyoyinsa suna nan, mata na ɗiba, yawancinsu ba su san sunansa ba, kuma wannan bai dame ni ba, ladan yana isa inda yake. Sunansa yana kan allon biro da manyan haruffa. Hotonsa yana bango. Amma abin da ya fi ƙarfin hannunsa a kai, wato mutum ya shiga aiki da ƙuruciya ya fita da mutunci, ban ga inda ya saura ba sai a kafaɗar tsoho guda, mai tari, da ke neman motar Korgom.

Laminu, ɗana, na san za a karanta maka wannan kafin azahar, kuma na san za ka yi fushi. Yi. Gero ya riga ya fara fitar da kai, girbi bai da nisa. A gabana ka ce wa ubanka ka ji. In ka ga dama ka aika a kira Barmo, ka sa yaranka su koya masa injin, ka ɗora hannun sabon mai dagi a kan nasa. In kuwa ba ka ga dama ba, to baɗi kada ka wahalar da kanka da rago, kada kuma ka aiko mini mota. Ran kasuwar nan mai zuwa Barmo zai sake shiga rami da igiyar ubanka a ƙugunsa, kuma sa ne zai riƙe masa.